Dona Zulmira da Mayafin Sunaye

Duk wanda ya taɓa hawa tudun São Bento da ƙafa ya san matattakalar nan ta bayan shagon biredi, wadda ke yanke wa mutum numfashi tun bai kai rabi ba. To a daidai inda numfashin ke yankewa, nan gidan Zulmira de Gouveia yake. Shekara sittin da ɗoriya ta yi tana zama a bakin ƙofar kan 'yar kujera, farin yadi a cinya, allura a hannu, baki kuma ba hutu. In ka tsaya kana haki sai ta ɗago ta ce, "Da saura, ɗan nan. Mu da buhun gawayi muka riƙa hawa." Ba ta taɓa hawa da buhun gawayi ba, mijinta ne ke hawa da shi, amma wa zai tsaya musu da ita?

Ta baro tsibirin Madeira a 1957 tana da shekara goma sha tara, ta yi kwana goma sha ɗaya a jirgin ruwa tana amai. Mijinta Agostinho ya riga ta zuwa Santos, birnin da tudun yake, da shekara biyu, yana dakon buhunan kofi a tashar jiragen ruwa. Abin da ta sauka da shi bai taka kara ya karya ba: akwatin katako ɗaya, ɗan almakashi mai lanƙwasasshen baki, da hannun da uwarta ta horar a kan ɗinkin ado tun tana shekara shida. Makaranta kuwa ko ƙofarta ba ta leƙa ba.

A wancan zamanin tudun cike yake da matan Madeira. Da maza sun gangara aiki, sai su fito su jeru a matattakala, kowacce da yadinta, allura na tafiya gulma na tafiya. Ba a kiran kowa da sunanta na takarda, don in ka ce Maria rabin tudun ne zai waiwayo. Akwai Mai Akuya, akwai Gajeriyar Calheta, akwai Matar Kurma, akwai Barkono. Ita Zulmira Almakashi suke ce mata, kuma ba don na ɗinkinta ba.

Aikin nasu ga yadda yake. Ana shimfiɗa takardar zanen fure da aka huhhuda da allura a kan farin lilin, a goga mata ƙullin auduga da aka tsoma a shuni da kananzir. Shuɗin ya ratsa hudojin ya zauna a yadi, sai mai ɗinki ta bi shi da zare. In ta gama, a jiƙa, a wanke shuɗin tas, a sa sitaci, a goge ta baya. Akwai kuma doka guda da ba wanda ya rubuta amma kowace mace a nono ta sha ta: aiki ba ya fita daga gida da shuɗi a jikinsa, kuma ba a buɗe wa kowa aikin da ba a gama ba. Matar tudu ta gwammace a gan ta a coci ba takalmi da a ga shuɗi a ƙyallenta.

'Ya ɗaya Allah ya ba Zulmira, Odete, kuma ta hana ta taɓa allura. "Wuyana ya lanƙwashe, naki ba zai lanƙwashe ba," haka take cewa tana kora ta makaranta. Odete ta yi karatu, ta yi aikin ofis har ta yi ritaya. Amma wanki nata ne tun tana shekara tara. Duk ƙyallen da uwar ta gama, Odete ce ke ɗauka a ninke yadda yake, ta danna shi cikin baho da sabulu da ɗan gishiri, ta bar shi ya sha, sannan ta warware ta ɗauraye. Hannunta ya yi wannan sau dubu nawa, Allah kaɗai ya sani.

Sai abin ya fara ja da baya. Inji ya zo yana zuba fure ɗari kafin mace ta gama ganye ɗaya. 'Ya'ya suka gangara cikin gari, jikoki suka wuce São Paulo. Matattakala ta riƙa yin giɓi, yau a ɗauke wannan gobe a ɗauke waccan. Agostinho ma ya tafi. Ranar da aka binne Barkono, tsofaffi biyu ne suka hau tudun suna dafa bango: Zulmira da Arminda.

Arminda ita ta riƙe Odete ranar baftisma, shi ya sa ita da Zulmira suke kiran juna comadre, kamar a ce uwar ɗiyata. Tana 'yar shekara biyar aka zo da ita tudun, uwarta ce ungozomar unguwa, kuma ita kaɗai ce cikin matan ta yi aji uku a makaranta. Duk wasiƙar da ta zo daga tsibiri ita ke karantawa, duk wadda za ta tafi ita ke rubutawa. Ta haka ta san kowace mace da sunanta na takarda, da garinta, da shekarar da ta sauka, har da waɗanda suka mutu tun Zulmira ba ta zo ba.

Suka tsaya hutawa a rabin hanya. Arminda ta ce, "Comadre, mu nawa muka rage?"

"Ni da ke da ciwon gwiwa."

"Ba wasa nake ba. Kin ga jikokin Barkono? Fadan coci ya tambayi garin da ta fito, suka tsaya suna kallon juna. Ɗaya ya ce Lisbon. Lisbon! Matar da ko a mafarki ba ta taka Lisbon ba."

"To ya kike so in yi? In tashe ta ta gaya musu?"

"So nake mu ɗinke su. Dukansu, ɗaya bayan ɗaya. Ni in rubuta, ke ki bi da zare."

"Ke da ɗinkinki ke kama da sawun kaza, ai dole ki ce ni in bi."

"Ke da ba ki san sunanki ba in an rubuta, ai dole ki ce ni in rubuta."

Haka aka fara. Arminda ta fito da lilin mai tsawon mita huɗu daga ƙasan akwatinta, irin na shimfiɗa a babban tebur. Ba ta yi zanen takarda ba. Tsinke ta fiƙe, tana tsomawa a shuni tana rubutawa kai tsaye a kan yadin, daga kanta zuwa ƙyalle. Kuma da ruwa zalla ta dama shunin, don ƙirjinta ya daina ɗaukar warin kananzir. Mako uku ta yi tana rubutu. Suna ɗari da tara, kowanne da garinsa da shekararsa.

Odete ta kawo musu kofi wata rana ta ce, "Ku bari in kwafe su a littafi mana, ko in ɗauka a waya."

Arminda ta yi tsaki. "Takarda? Ina takardun ubanki? Gara ta yi biki da su. Yadi ake gada, 'yar nan."

Zulmira kuwa tuni ta ja gefen yadin ta rufe. "In an gama ki kwafa har ki gaji. Ajiye kofin ki ba mu wuri."

Shekara uku suka yi a kai, kuma Zulmira ba ta ɓoye cewa su ne shekarun da suka fi mata daɗi tun mutuwar Agostinho. Ita haruffa zane ne a wurinta, wannan mai tumbi, wancan mai ƙafa biyu, wancan kamar ƙugiya. Sai ta ɗora yatsa ta ce, "Wannan wace ce?"

"Maria Guilhermina de Abreu, Ribeira Brava, 1948."

"Ban san ta ba."

"Kin san ta mana. Mai Akuya!"

"Au! Ashe tana da suna mai tsawo haka, matar da akuyarta ta cinye min rigar barci a kan igiya? Bari in matse mata zaren ta ji a jikinta."

Su yi ta dariya har Arminda ta sarƙe da tari. Daga tsakiyar yadin Zulmira ta fara, inda matan zamaninta suke, don ta ce a fara da waɗanda aka ci aka sha tare. Gefe-gefen kuwa tsofaffin farko ne, waɗanda suka zo tun kafin yaƙin duniya na biyu suka sare dajin tudun da hannunsu. Su sai daga baya.

Suna sittin aka ɗinke, sai wata safiya Arminda ta faɗi a kicin. Ɓarin jikinta ya shanye, bakin ya karkace. Zulmira ta naɗe yadin ta kai mata har gado, ta rufe ƙofa, ta buɗe gefe ɗaya ta ɗora yatsa. "Comadre, wannan fa? Ko da laƙabin ne, faɗa min." Arminda ta dubi rubutun hannunta, ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne "ta… ta… ta…" Idonta ya nuna ta sani sarai, harshen ne ya ƙi. Hawaye ya gangaro ta gefen da bai mutu ba. Zulmira ta goge mata da bakin zanenta, ta ce, "Bari, ba sauri muke ba." Wata huɗu aka yi a haka kafin a sauko da gawar Arminda daga tudun a kafaɗar maza.

Zulmira ta ci gaba ita kaɗai, tana bin shuɗin ba tare da ta san wa take ɗinkawa ba. Sai dai jiki ya fara ba ta amsa. Yatsun suka kumbura a gaɓoɓi, da safe sai ta tsoma su a ruwan ɗumi kafin su yarda su riƙe allura. Yanar ido ta rufe na hagu, ta fara cin na dama. Matar da ke gama suna a kwana biyar, yanzu sai ta yi wata biyu a kan guda, ta ɗinka ta warware, don ita ba za ta bar karkataccen zare a kan sunan matacciya ba. A shekara biyu suna goma sha ɗaya ta ƙara. Saura talatin da takwas.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta daina zama a bakin ƙofa, ta koma ɗaki kusa da taga. In ta ji motsin Odete sai ta ninke yadin, ɓangaren da aka gama a sama, ta sa a akwati. Kunya ce, ba wani abu ba. Almakashi guda, wadda matan manyan gari ke aiko wa da kayan auren 'ya'yansu, a ce zare ya gagare ta shiga allura? Tsoro kuma na nan a ƙarƙashin kunyar, don ta san in ta mutu yau ba mai ƙarasawa.

Ana cikin haka sai ga Seu Valdemar, kamar ka ce Malam Valdemar. Shi ne sakataren ƙungiyar 'yan Madeira da ke cikin gari, dattijo mai tumbi da ladabi, kullum da kyamara a wuya. Suna shirya ɗakin tarihi a gidan ƙungiya, sun tara tsofaffin hotuna da akwatunan jirgi, sai ya ji labarin mayafin sunayen da Zulmira ke ɗinkawa. Ya hau matattakalar nan yana gumi kamar an watsa masa ruwa.

"Dona Zulmira, ba ɗauka zan yi ba. Hoto ɗaya kawai, don a samu sunayen a ajiye."

"Seu Valdemar, uwarka ba 'yar tsibirinmu ba ce, 'yar Machico?"

"Ita ce."

"Ta taɓa nuna maka aiki da shuɗi?"

"Ai wannan daban ne, Dona. Wannan tarihi ne."

"Tarihin ma sai ya yi wanka zai fito. Zauna ka ci soyayyen tuwon masara, ka huce, ka gangara."

Ya ci, ya huce, ya gangara. Bayan wata biyu ya dawo, aka sake ba shi tuwon masara. Sau biyar yana hawa. Kai, da a ce ranar nan ɗaya ta sassauta, ta ɗaga gefen yadin na minti guda! Amma wanda ya san matan tudun ya san ba taurin kai kaɗai ba ne. A ganinta, buɗe sunayen nan da shuɗi daidai yake da fito da matan tsakar gari ba su kintsa ba.

Zuwansa na shida a watan Mayu ne, ana saura kwana uku a yi mata aikin ido. Ya zauna ya ce an sa rana, ɗaya ga Yuli, ranar Madeira, za a buɗe ɗakin. An aika wa iyalai har São Paulo da Rio cewa za su ga sunayen iyayensu. An ma ƙera tebur mai gilashi daidai tsawon mayafin.

"To yanzu ina aka kwana, Dona? In da saura da yawa, gara a sani."

Odete na tsaye a bakin kicin da faranti a hannu. Su biyun suka zuba mata ido. Zulmira ta ji maganar gaskiya ta taso har maƙogwaro: saura talatin da takwas, hannuna ya mutu, ku taimake ni. Ta dubi kumburarrun yatsunta a cinya, ta tura su ƙarƙashin zane.

"An gama," ta ce. "Wanki kawai ya rage."

Seu Valdemar ya tafa hannu. Odete ta ce, "Haba Mama, shi ne ko ki faɗa min?" Zulmira ta ce, "Yanzu ba ga shi kin ji ba?" A ranta tana lissafin banza: in an buɗe idon, mako shida, suna ɗaya a rana, ai za ta iya. Ita kanta ta san ba za ta iya ba. So take kawai mutumin ya sauka daga tudun.

Ranar Alhamis aka yi aikin. Minti ashirin ne, amma jininta ya hau, likita ya ce ta kwana. Odete ta koma gida da azahar ba abin yi, zuciyarta fari ƙal, tana son uwarta ta buɗe sabon ido a kan abu mai kyau. Ta buɗe akwati, ta ɗauko mayafin a ninke, ta danna shi a baho da sabulu da ɗan gishiri, ta tafi ta ɗora miya.

Washegari da hantsi ta je ɗauko uwar. Suka shiga mota. Zulmira da bandeji a ido tana ta zuba, tana zagin shayin asibiti, tana kwaikwayon tafiyar likita, Odete kuwa idonta na kan hanya. Suka hau matattakala a hankali. A bakin ƙofa Odete ta riƙe mata hannu.

"Mama, kafin ki shiga."

"Mene ne? Kyanwar ce ta mutu?"

"Kin ce an gama."

Zulmira ta tsaya. Hancinta ya riga kunnenta ji, don warin sabulu ya cika tsakar gidan. Ta zare hannunta ta zagaya baya. Ga shi nan a kan igiya biyu, mita huɗu, iska na kaɗa shi. Da guntun ganin da ya rage a idon dama ta hango duhun zare a tsakiya, gefe-gefen kuwa fari fat. Ta matsa ta bi da tafin hannu tun daga wannan kusurwa har waccan. Sumul, ba ko ɗigo.

Odete na bayanta tana kuka irin na mace mai shekara sittin, marar sauti. "Sai da na warware zan ɗauraye na gani. Ruwan ya riga ya yi shuɗi. Na tsame da gudu, Mama, na rantse da gudu na tsame. Don me ba ki faɗa min ba? Don me?"

Duk tudun ya san bakin Zulmira, kuma Odete ta tsaya jiran sa. Bai zo ba. Wa za ta zaga? Yarinyar ta yi abin da aka koya mata tun tana shekara tara, kuma ta yi shi da kyau. Tsohuwar ta nemi bakin bahon ta zauna. Can ta ce, "Ba ke ba ce." 

Ba irin ƙoƙarin da ba a yi ba. Da aka cire bandejin, idon ya buɗe tar, har tana ganin zaren lilin ɗaya-ɗaya, abin da rabonta da shi shekara goma. Ta ɗaga yadin a rana tana neman ko inuwar harafi. Babu. Seu Valdemar ya hau da wata fitila mai shuɗin haske da ya aro, ya bi gefen kaf, ya kashe ta ya zauna yana share wuya. Da kananzir aka dama shunin, in ji shi, da wataƙila ya bar maiƙo. Bai ce mata komai a kan hoton da ta hana ba, kuma shirun nasa ya fi mata zafi.

Sunan da take kai lokacin da ta tafi asibiti yana nan rabi. Odete ta karanta mata abin da zare ya kama: "Maria da." Shi ke nan.

"Maria da wa?"

"Nan ya tsaya, Mama."

Suka zauna da littafi, yanzu da ba shi da amfani. Zulmira ta matse kanta tana tuno tsofaffin da ta tarar da waɗanda ta ji labarinsu. Akwai Makauniyar Rijiya. Akwai wata Mai Gemu. Akwai Uwar Tagwaye, ko su biyu ne ma masu wannan laƙabin? Ta kai tara ta tsaya. Seu Valdemar ya kwashi laƙaban ya tafi littattafan coci, ya dawo da Maria de Freitas goma sha huɗu da Maria de Jesus ashirin da wani abu. Wacce ce mai gemu a cikinsu? Littafin coci ba ya rubuta gemu. Wacce ta yi ɗinki, wacce ta yi wanki a gidan masu kuɗi, wacce ta koma tsibiri bayan shekara ɗaya? Mutum ɗaya ce ta sani, kuma tana maƙabarta.

"A sa waɗanda aka samu mana," in ji Odete. "Ko da kuskure, ai ya fi babu."

"In ɗinka wata a gurbin wata? Su da suka sha wahalar, a ba wa wasu wurinsu? A'a."

Odete ta sa sitaci, ta goge mayafin ta baya, Seu Valdemar ya aiko aka ɗauka. Ya fita daga gidan ba shuɗi a jikinsa.

Ranar ɗaya ga Yuli Zulmira ta ce ba za ta je ba. Sai da Odete ta fito mata da baƙar rigarta ta coci ta tsaya a kanta. Gidan ƙungiya ya cika, ana kiɗan gida, ana raba biredin dankali da man tafarnuwa. Aka zaunar da ita a kujera kusa da teburin gilashi kamar ita ma kayan kallo ce. Mutane na sunkuyawa suna bin sunaye da yatsa. Wani ƙato ya samu kakarsa ya fashe da kuka, ya zo ya sumbaci hannunta. Wata mai jan baki ta ce farin da aka bari a gefe ya yi kyau ƙwarai, ya ba aikin sarari. Zulmira ta dube ta da sabon idon, ta ga har hodar da ta taru a gefen hancinta, ta kau da kai.

Wajen ƙarfe uku, jama'a sun fara raguwa, ta lura da wata mata. Za ta yi shekara saba'in, da 'yar jaka a hammata da takalmin tafiya. Ta zagaya teburin sau ɗaya, ta sa tabarau ta sake zagayawa, ta kuma zagayawa. Sannan ta nufo ta.

"Dona Zulmira? Sunana Irene. Tun asuba na taso daga Campinas. Ina neman kakata, ban gan ta ba. Ko idona ne?"

"Wace ce kakar taki?"

"Maria Benvinda de Sousa Jardim. Daga Ponta do Sol, 1929. Mahaifiyata ta ce a tudunku ta yi ɗinki har idonta ya tafi."

Zulmira ta juya sunan a kanta. Ba abin da ya motsa. "Me ake kiranta a tudu?"

"Mu dai Kaka muke ce mata."

"A'a, laƙabinta. Gajera ce? Tana ɗingishi? Tana kiwon wani abu? Gidanta kusa da rijiya yake?"

"Ina shekara huɗu ta rasu, Dona. Mahaifiyata ma ta rasu bara. Ko hotonta ba mu da shi. Da na ji an ce an ɗinke sunayensu, na ce to, ko wannan ne in gani." Ta gyara riƙon jakarta. "Ko dai ba a lissafa ta cikinku ba ne?"

Abu ne mai sauƙi ta ce mata tana ciki, da idona na gani, wanki ne ya tafi da ita. Matar za ta koma Campinas da abin riƙewa. Zulmira ta buɗe baki, sai ta tuna abin da kalma biyu suka jawo mata a watan Mayu. Ta dafa sanda ta miƙe, ta kama hannun Irene ta ɗora a kan gilashin, daidai farin gefen.

"Mata talatin da takwas ne a nan, na farko-farko. An rubuta su, ban kai ga ɗinke su ba, suka goge. Laifina ne. Ko kakarki na cikinsu, ko ba ta ciki, ban sani ba, 'yar nan. Ban iya karatu ba."

Irene ta daɗe tana kallon farin yadin a ƙarƙashin tafinta. Ba ta yi fushi ba, da ma a ce ta yi, da ya fi sauƙi. Ta cire tabarau ta ninke, ta tambaya a hankali, irin tambayar wanda ya saba bin ofisoshi.

"To wa zan je in tambaya?"

Zulmira ta waiga cikin ɗakin. Ga Seu Valdemar da kyamararsa, ga Odete a jikin bango ta sunkuyar da kai, ga jikoki da tattaɓa-kunne suna cin biredi suna ɗaukar juna hoto. Ta duba fuska-fuska, tana ganin kowacce tar, ba ta samu ko ɗaya da ta girme ta ba.

"Ni ce ake tambaya," ta ce.